Sauya Ƙwaƙwalwar Injunan Masana'anta: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A kowace masana'anta ta zamani, ko ta siminti ce, ko ta lemon kwalba, ko matatar mai, ko gidan tace ruwan sha, akwai akwatin ƙarfe da ke tsaye a ɗakin wuta, galibi a kulle. Idan aka buɗe shi za a tarar da na'urori a jere kan sandar ƙarfe, wayoyi ɗaruruwa suna shiga suna fita. Wannan tsari shi injiniyoyi ke kira PLC. Ɗaya daga cikin na'urorin da ke jeren, wadda hannu ɗaya ya isa ya ɗauke ta, ita ce CPU, wato ƙwaƙwalwar tsarin. Ita ke yanke shawarar lokacin da famfo zai tashi, da lokacin da bawul zai rufe, da lokacin da za a tsayar da komai domin kada a yi asarar rai.

Cire wannan ƙwaƙwalwa a saka wata aiki ne na sukuddireba ɗaya da 'yan mintoci. Duk da haka, sauya ta na cikin ayyukan da ƙwararrun masu gyara suka fi yin taka-tsantsan da su, kuma ana samun masana'antun da ke kwana da kwanaki a tsaye alhali sabuwar na'ura tana wurinta, fitilunta na ci. Dalili kuwa shi ne, abin da ake saya a kasuwa kwanso ne kawai. Abin da ke tafiyar da masana'anta shi ne ilimin da aka zuba a cikin tsohuwar, wanda ba a sayar da shi a ko'ina. Wanda ya adana wannan ilimi tun na'urar tana da lafiya, sauyi zai zo masa da sauƙi. Wanda bai adana ba kuwa, kuɗi ba za su cece shi da wuri ba.

Daga wayoyi zuwa shiri

Kafin ƙarshen shekarun 1960, ana sarrafa injunan masana'antu ne da rile, wato ƙananan makunnai masu aiki da maganaɗisu, ɗaruruwa ko dubbai a jere a bango. Duk dabarar aikin tana cikin yadda aka haɗa wayoyinsu. A kamfanonin ƙera motoci na Amurka, duk lokacin da aka sake samfurin mota sai an kwance wayoyin an sake ɗaurawa, aikin da ke cin makonni da kuɗi masu yawa. A 1968 sashen Hydramatic na kamfanin General Motors ya nemi a ƙera masa na'urar da za a iya sauya wa aiki ba tare da an taɓa waya ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bedford Associates, a jihar Masacuset, inda injiniya Dick Morley ke aiki, ya fito da Modicon 084. Daga baya Allen-Bradley a Amurka, da Siemens a Jamus, da Mitsubishi da Omron a Japan suka cika kasuwar da nasu.

Yadda na'urar ke aiki bai sauya sosai ba tun daga lokacin. Tana karanta saƙonnin da ke shigowa daga na'urorin auna zafi, da matsi, da tsayin ruwa a tanki. Sai ta bi jerin umarnin da injiniya ya rubuta mata daga farko zuwa ƙarshe. Sai ta aika umarni ga injuna da bawuloli, ta koma farko. Tana maimaita wannan zagaye sau gommai, wani lokaci ɗaruruwa, a cikin daƙiƙa ɗaya, dare da rana, shekara da shekaru.

Ribar da aka samu babba ce, amma an biya mata farashi. A zamanin rile, mai gyara zai iya bin waya da yatsansa har ya gane dabarar inji, ko da takardu sun ɓata. Yanzu dabarar ta koma inda ido ba ya gani. Idan ƙwaƙwalwar ta mutu kuma babu kwafin abin da ke cikinta, duk wayoyin suna nan lafiya lau, amma babu wanda zai iya karanta abin da ya kamata su yi.

Me ke cikin ƙwaƙwalwar?

Mai son fahimtar wahalar sauyi sai ya san cewa abubuwa biyar ne ke tare a cikin na'urar, kuma kowanne yana da hanyar da yake bi ya ɓata.

Na farko shi ne jikin na'urar, wanda lambar da aka buga a fuskarta ke bayyanawa. Suna kaɗai ba ya isa. A gidan Siemens, alal misali, 6ES7 315-2AG10-0AB0 da 6ES7 315-2AH14-0AB0 duk sunansu CPU 315-2 DP, amma ta biyun ta zo daga baya, ta ninka ta farkon girman ma'adanar aiki, kuma ta fi ta sauri. Don haka mai oda yakan karanta lambar harafi bayan harafi.

Na biyu shi ne manhajar tushe, wadda kamfani ke zubawa tun daga inda aka ƙera na'urar. A tsarin ControlLogix na kamfanin Rockwell, sabuwar ƙwaƙwalwa takan fito daga kwali da manhajar da ba ta iya komai sai karɓar wata. Dole a ɗora mata bugun da ya dace, kuma babbar lambar bugun sai ta yi daidai da ta manhajar da aka rubuta shirin da ita a kwamfuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan ɗori, na'urar na iya ƙin tashi.

Na uku shi ne shirin aiki, wato umarnin da aka rubuta musamman domin wannan masana'anta. Babu biyunsa a duniya. Mutane da yawa suna zaton idan suka jawo shirin daga na'urar zuwa kwamfuta sun samu komai. A tsofaffin tsare-tsaren Siemens irin su S7-300 da S7-400, abin da zai sauko umarni ne tsagwaronsa, babu sunayen na'urori, babu bayanan da marubucin ya bari a gefe. Zai yi aiki, amma karanta shi domin neman matsala azaba ce. Cikakken kwafi yana cikin kwamfutar wanda ya rubuta shi.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne alƙaluman da suka taru a lokacin aiki: zafin da aka daidaita wa tanderu, da gwargwadon sinadarin da ake zubawa, da ma'aunin kowane irin kaya, da yawan awannin da kowane inji ya yi. Masu kula da injuna sun gyara waɗannan a kan allo kaɗan-kaɗan cikin shekaru har aiki ya zauna daidai. A S7-300 shirin yana zaune a ƙaramin katin memori, amma alƙaluman da aka sauya daga baya suna cikin ƙwaƙwalwar kanta, sai fa idan wani ya yi niyya ya kwafe su zuwa katin. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya sayi sabuwar waya ya mayar da layinsa, sannan ya tarar da lambobin mutanensa ashe a tsohuwar wayar suke. Injin zai tashi, amma da alƙaluman ranar da aka fara ƙaddamar da shi.

Na biyar shi ne adireshi. Ƙwaƙwalwar tana magana da allon masu kula da aiki, da na'urorin sarrafa gudun injuna, da wasu ƙwaƙwalen, ta hanyoyi irin su Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, ko Profibus, ko Profinet, ko EtherNet/IP. Sabuwar na'ura ba ta san adireshin tsohuwa ba. Idan ba a ba ta ba, allon zai yi duhu. Idan kuma aka ba ta adireshin da wata na'ura ke amfani da shi, sai a tayar da rikici a ɓangaren da yake zaman lafiyarsa.

Shin ita ce ma ta mutu?

Tambayar farko da gogaggen mai gyara ke yi wa kansa ke nan. Idan inji ya tsaya kuma jar fitila ta kama a fuskar ƙwaƙwalwa, hankalin kowa kan tafi kanta. Amma jar fitilar sau da yawa rahoto ce: ƙwaƙwalwar tana faɗin cewa wani abu ya lalace a wani wuri. Abubuwan da ke waje, irin su na'urorin awo, da wayoyi, da fis, da katunan shiga da fita, da akwatin da ke ba da wuta mai bolt 24, sun fi ƙwaƙwalwa saurin lalacewa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kafin a taɓa sukuddireba ake haɗa kwamfuta a karanta kundin kurakurai da na'urar ke ajiyewa, wanda ke nuna abin da ya faru da lokacin da ya faru. Wanda ya sauya ƙwaƙwalwa alhali wutar da ke shiga ce ba ta da kyau, ya miƙa sabuwar ne ga abin da ya kashe tsohuwar.

Idan kuwa da gaske ta mutu, akwai sanadi, kuma yawancin sanadin sananne ne. Zafi yana gaba. Ana ƙera galibin waɗannan na'urori su jure har digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, amma ƙananan kafasitocin da ke cikinsu suna bushewa a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage musu rabin tsawon rai. Sai ƙura da danshi da iskar da ke cin ƙarfe. Sai tsawa da hauhawar wuta. Sai batirin da ke riƙe ma'adana a tsofaffin na'urori: idan ya mutu ba a lura ba, ranar da wuta ta ɗauke shirin zai tafi gaba ɗaya, alhali na'urar kanta lafiyarta ƙalau.

Duk wanda ya san yankinmu ya san cewa waɗannan abubuwa sun taru mana wuri ɗaya. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da fankarsa ta tsaya. Hunturu yana zuwa da ƙura mai laushi da ke toshe matatar iska. Farkon damina yana zuwa da tsawa. Ga kuma yawan sauyi tsakanin wutar gwamnati da janareta. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, da kamfanonin siminti na Ashaka da Kalambaina da Malbaza, duk a cikin wannan yanayi suke aiki. A wurinmu, share matatar iska da duba wayar da ke sauke wuta ƙasa da kula da UPS wani ɓangare ne na kare ƙwaƙwalwa.

Ranar sauyi

Mu ɗauki sauyi mafi sauƙi, wato cire S7-300 a saka irinta. Aikin yana farawa ne nesa da akwatin. Ana sanar da masu kula da injuna, a kai aikin matsayin da tsayawarsa ba za ta cutar da kowa ba: a rage matsi, a sauke kaya daga bel, a rufe bawulolin hannu. Dole a san abin da kowane bawul zai yi idan umarni ya yanke, domin wani an ƙera shi ya rufe, wani ya buɗe, wani ya tsaya inda yake. Sannan a kashe wuta, a sa kwaɗo da takardar gargaɗi a kan makunni, mai aikin ya riƙe makullin a aljihunsa. Ana gwada wayoyin da mita, saboda a akwati ɗaya ana iya samun wuta daga wurare biyu.

Idan tsohuwar tana da sauran numfashi, kafin a kashe ta ana jawo duk abin da ke cikinta zuwa kwamfuta, har da alƙaluman aiki, a kwatanta da kwafin da ke ajiye. A nan ne ake gano gyare-gyaren da wani ya yi shekarun baya bai rubuta ba. Ana kuma duba fitilar FRCE. Idan tana ci, alama ce cewa wani ya tilasta wa wata hanya ta zauna a kunne ko a kashe, wataƙila domin ya kauce wa wata na'urar awo da ta lalace. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba za ta gaji wannan tilasci ba, don haka gara a san da shi tun yanzu.

Mai aikin yakan ɗaura igiyar sauke wuta a wuyan hannu, domin ƙaramar wutar da jiki ke tarawa, irin wadda ke tartsatsi a lokacin hunturu, ta isa ta raunana na'urar ba tare da alama ba. Ya ɗauki hoton yadda wayoyin suke, ya zare katin memori, ya cire wayar sadarwa da ta wuta, ya kwance sukurorin da ke ƙasa, ya ɗaga na'urar daga sanda. A bayanta akwai ƙaramin mahaɗi da ke haɗa ta da katin da ke gefenta; sai an tabbatar yana wurinsa kafin a rataya sabuwar. Katin memorin kuwa ba a saka shi a kwamfuta a goge shi kamar katin waya, domin tsarinsa na Siemens ne, kuma irin wannan gogewa tana hana na'urar karanta shi.

Ana mayar da wuta makunnin fuskar na'urar yana kan STOP. Idan rawayar fitilar STOP tana ƙyaftawa a hankali, na'urar tana neman a share ma'adanarta ta ɗauki abin da ke katin. Bayan haka a duba bugun manhajar tushe, a gyara agogo, a tabbatar da adireshi, a mayar da alƙaluman aiki, a ga cewa dukkan katuna da na'urorin da ke nesa sun amsa. Sai a juya zuwa RUN alhali manyan injuna suna kulle, a gwada maɓallin tsayar da gaggawa da sauran matakan kariya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne ake sakin injuna sashe-sashe, mai kula da aiki yana tsaye yana kallo. Koriyar fitila tana nufin shirin yana gudana ne kawai, ba ta shaidar cewa shi ne shirin da ya dace. Aikin bai ƙare ba sai an yi sabon kwafi, an rubuta kwanan wata da abin da aka yi.

Inda tsayawa ba ta yiwuwa

Akwai wuraren da ba a iya kashe komai domin a sauya na'ura: matatun mai, tashoshin wutar lantarki, bututun iskar gas. A nan ake amfani da ƙwaƙwalwa biyu masu aiki tare. A tsarin S7-400H, alal misali, biyun suna haɗe da wayar gilashi mai ɗaukar haske, suna gudanar da shiri ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ɗaya ta faɗi, ɗayar ta ci gaba. Ana iya cire matacciyar a saka sabuwa aiki na tafiya, sabuwar ta kwafi komai daga 'yar uwarta. Amma sharaɗi ne biyun su zama iri ɗaya, har bugun manhajar tushe. Kuma duk tsawon lokacin da ake sauyin, masana'antar tana kan ƙwaƙwalwa ɗaya tak. Kuskure mafi muni a nan shi ne a zare wadda ke aiki a bar matacciyar, don haka ake karanta fitilun sau biyu, mutum biyu.

Akwai kuma ƙwaƙwalen da aikinsu tsaron rai ne kawai, waɗanda ke kashe tukunyar tururi ko rufe bututu idan abu ya wuce iyaka. Tsarin Triconex yana amfani da ƙwaƙwale uku da ke kaɗa ƙuri'a, a bi abin da biyu suka yarda da shi. Ƙa'idojin duniya na IEC 61508 da IEC 61511 su ne ke tsara yadda ake kula da irin waɗannan. Shirin tsaro yana da hatimi, wato wata lamba da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa. Bayan sauyi sai a tabbatar hatimin ya yi daidai da wanda aka rubuta ranar da aka gwada shirin aka amince da shi. Idan ya bambanta ko da harafi ɗaya, ba wannan shirin ba ne, kuma sai an sake gwaji.

Idan samfurin ya tsufa

Injin masana'anta yana iya yin shekara talatin ko arba'in yana aiki. Kayan lantarki ba sa daɗewa haka a kasuwa. Siemens ya fitar da Simatic S5 a 1979, ya gaje shi da S7 a tsakiyar shekarun 1990, kuma a watan Oktoban 2023 ya fara janye S7-300 domin S7-1500 ta maye gurbinta. Rockwell ya daina sayar da PLC-5 a 2017, bayan ta yi kusan shekara talatin a kasuwa. Dubban waɗannan na'urori suna nan suna aiki a faɗin duniya, kuma kowace rana tana kusantar da masu su ga lokacin da ba za a samu irinta sabuwa ba.

Ƙaura daga tsohon zamani zuwa sabo ta wuce sauya na'ura. Akwai manhajojin da ke fassara tsohon shiri zuwa sabon tsari, amma ba sa gamawa. Sukan bar wurare da dama sai mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa. PLC-5 tana ajiye bayanai a teburori masu lamba, ControlLogix kuwa da sunaye take aiki, don haka allon masu kula da aiki ma sai an sake koya masa inda zai samu kowane abu.

Akwai wani tarko da ba a cika tsammani ba, shi ne sauri. Wasu tsofaffin masu rubuta shiri sun auna lokaci ta hanyar ƙidaya zagayen na'ura maimakon amfani da agogo. Idan aka kawo ƙwaƙwalwar da ta ninka tsohuwar sauri sau goma, jinkirin da aka tsara ya zama daƙiƙa goma sai ya koma ɗaya, bawul ya buɗe kafin famfo ya shirya. Babu fitilar da za ta nuna wannan kuskure. Sai wanda ya karanta shirin ya fahimce shi.

Domin rage haɗari, masana'antu da yawa suna yin ƙaurar mataki-mataki: su fara da ƙwaƙwalwa, su bar tsofaffin katunan shiga da fita suna aiki a ƙarƙashinta, su sauya su daga baya. Kamfanonin ƙera na'urorin ma suna sayar da mahaɗan da ke ba da damar ɗora tsofaffin wayoyi a kan sababbin katuna ba tare da an kwance su ɗaya-ɗaya ba. Ana gwada sabon shirin a kan tebur kafin a kai shi fili, a zaɓi lokacin babban gyaran shekara, kuma a ajiye tsohuwar na'urar a gefe da shirinta, domin idan abu ya ƙi a koma kanta.

Kasuwa da sito

Tsakanin 2021 da 2023, lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan sassan lantarki a duniya, na'urorin da a da ake samu cikin makonni suka koma sai an jira watanni. Masana'antun da ke da ta ajiya a sito suka ci gaba da aiki, sauran suka faɗa kasuwar kayan hannu. A wannan kasuwa akwai na kirki da aka ciro daga masana'antun da suka rufe, akwai waɗanda aka gyara, akwai kuma jabu da aka manna wa takardar kamfani. Araha ba ta ado. Ƙwaƙwalwar da ba a san inda ta fito ba tana iya aiki yau ta tsaya gobe, kuma ba ta da gurbi ko kaɗan a tsarin tsaron rai.

A ƙasashenmu, inda kowace irin wannan na'ura daga waje ake shigo da ita, ga neman kuɗin waje ga jiran kwastan, ajiye ta sifiya lissafi ne mai sauƙi: a kwatanta kuɗinta da asarar yini ɗaya na tsayawar aiki. Amma ajiyar ma tana da ƙa'ida. A sa ta a jakarta mai hana wutar jiki, a wuri mai sanyi marar danshi. A ɗora mata bugun manhajar tushe da ya dace tun kafin a buƙace ta. A kunna ta lokaci-lokaci a tabbatar tana da rai. Kuma a ajiye wayar da ake haɗa ta da kwamfuta, da kwamfutar da ke iya gudanar da tsohuwar manhajar, tare da lasisinta, domin sabuwar kwamfuta sau da yawa ba ta karɓar manhajar shekara ashirin da suka wuce.

Shirin na wane ne?

Nan ne zuciyar maganar take. Masana'antu da yawa suna sayen inji daga Turai ko Sin ko Indiya, injiniyoyin kamfanin su zo su kafa shi su koma, su tafi da cikakken kwafin shirin da kalmar sirrinsa. Sababbin na'urori irin su S7-1200 da S7-1500 suna ba marubuci damar ɗaure shirinsa da lambar jikin ƙwaƙwalwar ko ta katin memori, yadda idan aka sauya ɗayansu shirin ba zai gudana ba. Mai ƙera inji yana da haƙƙin kare fasaharsa. Amma mai masana'anta ma yana da haƙƙin gyara abin da ya saya da kuɗinsa, kuma lokacin neman wannan haƙƙi shi ne kafin a sa hannu a kwangila. A rubuta ƙarara cewa za a miƙa cikakken shiri da bayanansa da kalmomin sirri, a kuma horar da ma'aikatan gida, kafin a biya kason ƙarshe na kuɗi.

Tsaro ma ya shigo cikin lissafin. A 2010 aka gano Stuxnet, muguwar manhajar da ta bi ta kwamfutocin injiniyoyi ta shiga na'urorin Siemens a tashar nukiliya ta Natanz a Iran. A 2017 wata mai suna Triton ta kai hari kan na'urorin Triconex a wata masana'antar sinadarai a Saudiyya. A ƙarshen 2023 masu kutse suka shiga na'urar Unitronics a wata hukumar ruwa a jihar Fensilbeniya ta Amurka, kuma hukumomin ƙasar suka gargaɗi masu irin na'urar da su sauya kalmar sirrin da take zuwa da ita daga kamfani, wato 1111. Ranar sauyi ita ce ranar da ƙofa ta fi zama a buɗe: baƙuwar kwamfuta tana haɗe da tsarin, ana yawo da filasha daga hannu zuwa hannu, sabuwar na'ura ba ta da kalmar sirri, kowa yana gaggawa. Kwamfutar da ake wannan aiki da ita bai kamata ta yi wani aikin dabam ba.

Ina ganin babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan lamari a matsayin harkar ɗakin wuta kawai. Mai gyara ba shi da ikon sayen sifiya, ko tilasta wa ɗan kwangila ya miƙa shiri, ko ware kuɗin ƙaura shekara biyu kafin a daina ƙera samfuri. Wannan aikin shugabanni ne. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata kowane manajan masana'anta ya yi wa mutanensa tun injuna suna gudu: Ina kwafin shirin kowace ƙwaƙwalwa, kuma yaushe aka kwatanta shi da abin da ke gudana? An taɓa ɗora shi a kan ta sifiya an ga ya tashi? Mutum nawa ne a gidan nan suka iya wannan aiki? Har yanzu ana ƙera wannan samfurin? Idan amsar ɗaya daga cikinsu ba ta gamsar ba, to a fara da ita a wannan watan, domin albashin ma'aikata, da ruwan da gari ke sha, da lafiyar wanda ke tsaye kusa da inji, duk sun rataya ne a kan amsar.